Yadda Ake Zaɓen Keken Titi Na Hunturu Don Atisaye Da Zuwa Aiki

Tun da sanyi ya fara kunno kai ake ta maimaita min tambaya ɗaya: wane keke zan saya wanda zai riƙa kai ni wurin aiki kullum, ranar hutu kuma in yi atisaye da shi, ba tare da ya lalace kafin hunturu ya wuce ba? Hunturun da nake nufi shi ne mai zuwa da ruwa da laka da duhun wuri, wani lokacin har da dusar ƙanƙara, inda hukumomi ke watsa gishiri a titi don kada ruwa ya daskare. Wannan gishirin da yashin da ke tare da shi su ne ke cin keke. Saboda haka na jera matakan bisa yadda ya kamata a bi su. Yawancin mutane daga nauyin keke da sunan giyarsa suke farawa, ni kuwa waɗannan a baya na sa su, kuma za ka ga dalili.

1. Fara da hanyarka

Kafin ka kalli ko keke ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta amsar waɗannan: kilomita nawa ne zuwa da dawowa? Kwalta ce mai laushi ko mai ramuka? Akwai tudu? Akwai wurin da babu fitilun titi? Me kake ɗauka, kwamfuta da kayan canji ne ko makulli da waya kawai? A ina keken zai wuni, cikin gini ko a waje? Sannan sau nawa ruwa ke daskarewa a kan hanyar? Amsar ta ƙarshe ita ce za ta nuna faɗin tayar da kake bukata, faɗin taya kuma shi zai nuna irin firam ɗin da za ka nema.

2. Raba kuɗin kafin ka shiga shago

Abin da ka ware, kasa shi gida uku. Shawarata, kusan kashi 70 cikin 100 ya tafi ga keken, kashi 20 ga kayan da ba ya zuwa da su, wato makarin laka, fitilu, kwaɗo, tayoyin hunturu, feda da famfo. Sauran kashi 10 ka ajiye don abubuwan da za su cinye kafin sanyi ya ƙare: sarƙa ɗaya, robar birki saiti ɗaya ko biyu, man sarƙa da tiyub. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, keken hunturu kuwa dole ya ci kayan gyara.

Hattara: kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zuba kuɗinsa duka a kan keke mai tsada, ya fito da shi tsirara, ba fitila ba makarin laka, da niyyar zai saya wata mai zuwa. Kafin watan ya zo ruwa ya riga ya shiga boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da sassan keke ke juyawa a kansu.

3. Makarin laka da filin taya

Nan ne zan fi daɗewa, domin keken da ya faɗi wannan jarrabawar ba ya cikin lissafi, komai kyansa.

Makarin laka shi ne marufin nan da ke bin saman taya gaba da baya. Mutane suna ɗauka don tufafi kawai ake sa shi. Gaskiya yana hana ruwa ya zana maka layi a gadon baya, amma babban aikinsa ya wuce nan. Tayar gaba tana watsa ruwan gishiri kai tsaye kan sarƙa da boris ɗin feda da takalmanka, tana kuma tura shi sama cikin boris ɗin wuyan keke. Ruwan sama mai tsabta ne, wanda ke tasowa daga titi shi ne mai yashi. In kuma kana atisaye cikin rukuni, wanda ke bayanka shi zai sha feshin tayarka a fuska, shi ya sa ƙungiyoyin masu keke da yawa ba sa yarda a fito da hunturu babu shi.

Ga abin da za ka duba a jikin keken, da idonka da hannunka:

Na farko, ramukan ɗauri. Nemi ƙananan ramuka masu zare a ƙasan fok, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba, kusa da hob, wato cibiyar ƙafar, da kuma baya kusa da inda ƙafa ke zama, sai rami ɗaya a kan fok, ɗaya a gadar da ke saman tayar baya, ɗaya kuma a bayan inda feda ke juyawa. Galibi noti mai lamba M5 suke ɗauka. Wasu kamfanonin suna ɓoye su ta ciki don kwalliya, saboda haka sunkuya ka leƙa.

Na biyu, fili. Kamfani kan rubuta iyakar faɗin tayar da firam zai ɗauka, amma wannan lambar ta taya ce ita kaɗai. Da zarar makarin laka ya shiga, za ka rasa milimita 3 zuwa 5. Keken da aka ce yana ɗaukar 35, da makari 32 zai ɗauka. Wanda iyakarsa 28 ne, kamar yawancin kekunan tsere na da, ƙila ko 25 ba zai ɗauka da makari ba. Don hunturu ina ba da shawarar keken da zai ɗauki aƙalla taya mai milimita 32 tare da makari. In ƙanƙara na yawan kama hanyarka, nemi mai ɗaukar 35 zuwa 38.

Tafi shago da alanki mai lamba 6 a aljihu, wato ɗan ƙarfen kwance noti mai siffar L, mai kaurin milimita 6. Zura shi tsakanin taya da firam ta kowane gefe, ya kamata ya wuce ba tare da gogawa ba. Ta saman taya kuma, ƙarƙashin kan fok, yatsanka ya shiga a sake, wato kusan milimita 15, domin makarin zai ci nasa wurin kuma dole a bar kusan milimita 10 tsakaninsa da taya. Na taɓa matsa makari a keken da ba shi da wannan filin. A cikin shago ƙafar tana juyawa lafiya lau. Fitar farko a kan jiƙaƙƙiyar hanya, tsakuwa ta fara bi ta ƙarƙashinsa tana ƙara kamar ana kankare tukunya, ganye kuma ya cushe a kan fok har sai da na tsaya sau uku ina zaƙulo shi da tsinke, yatsuna sun ƙage don sanyi.

Makarin ya fi taya faɗi da kusan milimita 10: taya 28 tana son makari 35 zuwa 38, taya 32 tana son 42 zuwa 45. Ya kasance dogo, a ƙara masa leɓen roba a ƙasa har ya kusa taɓa titi, don wannan leɓen na gaba shi ne ke tsare ƙafafunka. Akwai na ɗaurawa da roba, irin su SKS Raceblade, ga keken da ba shi da ramuka. Sun fi babu, amma gajeru ne kuma suna gocewa, ba su kai a sayi sabon keke da niyyar dogara da su ba.

Gargaɗi: sandunan makarin gaba dole su kasance da maɗaurin nan na roba mai ɓallewa da kansa. In reshe ya shiga tsakanin taya da makari, maɗaurin zai saki. In an ɗaure sandar kai tsaye da noti, makarin zai nannaɗe cikin fok, tayar gaba ta tsaya cak, kai kuma ka wuce ta saman kan keke.

Kekunan da suka fi cin wannan jarrabawar su ne na doguwar tafiya da na burji, irin su Trek Domane, Giant Contend AR, Triban RC520 ko Genesis Croix de Fer. Misalai ne kawai, kuma ma'auninsu yana canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka auna wanda ke gabanka.

4. Birki

Birkin faifai ya fi dacewa da hunturu. Birkin da ke kama rim, in ruwa ya jiƙa shi, sai ƙafa ta juya sau ɗaya ko biyu kafin robar ta share ruwan ta fara kamawa, kuma a gaban mota wannan tazarar ba ƙarama ba ce. Sannan yashi da ruwa suna haɗuwa su zama wani baƙin kunu da ke goge alminiyam ɗin rim a hankali har ya yi rami. Da birkin faifai kuwa, faifan ne ke cinyewa, kuma canza shi ya fi canza ƙafa sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, babu abin da ya tsaya a saman taya ya rage mata fili.

Na faifai iri biyu ne. Mai aiki da mai ya fi ƙarfi, yana matso da kansa yayin da robar ke cinyewa, kuma yatsa biyu sun ishe shi ko da hannu ya yi sanyi cikin safa mai kauri. Mai aiki da waya ya fi araha kuma kowa zai iya gyara shi, amma yana son a riƙa matso shi, kuma in ruwa ya shiga kuben wayar ya daskare, birkin zai ƙage. In kuɗi ya kai, ɗauki na mai, da faifai mai milimita 160 aƙalla a gaba. Robar birki mai haɗin ƙarfe ta fi daɗewa cikin laka, ko da yake ta fi ƙara. Duba jikin faifan tukuna, wasu masu araha an rubuta musu cewa robar mai laushi kaɗai suke ɗauka.

In keken birkin rim ka samu da rahusa, ba laifi, matuƙar birkinsa mai dogon hannu ne, wato mai miƙa milimita 47 zuwa 57. Shi ne ke barin wurin taya 28 da makari. Mai gajeren hannu, 39 zuwa 49, na tsere ne.

Hattara: man birki ba ɗaya ba ne. Kamfanin Shimano man ma'adinai yake amfani da shi, birkin titi na kamfanin SRAM kuma wani mai da ake kira DOT. In ka haɗa su, robobin ciki za su lalace. Kada kuma ka matsa hannun birkin mai alhali ƙafa tana cire, robobin za su haɗe.

5. Ƙarfen firam

A nan ba sai an ja zance ba. Alminiyam shi ne zaɓin yawancin mutane: ba tsada, ba nauyi, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, ko da yake gishiri na iya cinsa ta ƙarƙashin fenti inda ya ƙwarzane. Ƙarfe yana da daɗin hawa kuma ana iya yi masa walda, amma yana tsatsa daga ciki, sai an fesa masa maganin tsatsa a cikin bututu. Taitaniyam ba ruwansa da gishiri, sai dai tsada. Kabon ba ya tsatsa, amma keken da za a riƙa jingina shi da ƙarfen ajiye kekuna kullum, wasu na buga nasu a jikinsa, bai kamata ya zama mai tsoron duka ba. Firam alminiyam da fok kabon shi ne abin da zan ce wa ƙanena ya saya.

Duba mazaunin boris ɗin feda. Mai zare, wanda ake kira BSA, ana kwance shi a gida da sifana ɗaya. Wanda ake dannawa da ƙarfi yana bukatar kayan aiki na musamman, kuma ya fi saurin fara ƙara in datti ya shiga.

Kilo ɗaya ko biyu na ƙarin nauyi kada ya dame ka. Jakarka da kwaɗonka da rigar ruwa sun riga sun fi haka.

6. Girman keke

In kana da keken rani da ka saba da shi, auna shi ka tafi da ma'aunin. Abu uku: daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi, daga hancin sirdi zuwa tsakiyar kan keke, da kuma tazarar da kan ya yi ƙasa da sirdi. Keken hunturu ya bi waɗannan, musamman tsayin sirdi, domin gwiwar da ta saba da wuri ɗaya ba ta son a riƙa sauya mata, balle cikin sanyi. Kan keken zai iya ɗagawa da santimita ɗaya ko biyu, hakan ma yana taimaka maka ganin motoci.

In wannan ne kekenka na farko, tsaya ba takalmi, bayanka a bango, matse littafi tsakanin cinyoyinka kamar sirdi, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Ninka abin da ya fito da 0.883. Mai santimita 82 zai sami kusan 72.4, wannan shi ne mafarin tsayin sirdinsa daga tsakiyar inda feda ke juyawa, daga nan ya riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan.

Kada ka dogara da harafin S, M ko L, ko lamba 54 da 56, kowane kamfani da nasa awon. Lambobi biyu da masu harkar ke kira sitak da ric, wato tsayin gaban firam da nisan miƙarsa daga inda feda ke juyawa, su ne ake kwatanta keke da keke da su. In ka faɗa tsakanin girma biyu, ƙaramin ya fi sauƙin gyarawa da doguwar mariƙar kai.

Hattara: a ƙananan firam, in ka karya kai sosai feda na gaba, yatsun ƙafarka na iya taɓa taya. Makarin laka da takalmin sanyi mai kauri suna ƙara wannan matsalar. Gwada a tsaye kafin ka biya.

7. Giya da sarƙa

Ga inda mutane ke ɓarnar kuɗi. Sarƙa da haƙoran giya kayan cinyewa ne, hunturu kuma yana cin su da sauri. Jerin Shimano na titi daga ƙasa ya fara da Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 mai 11 ko 12. Duk lokacin da adadin ya ƙaru, sarƙa tana ƙara sirancewa, kuɗin canza ta da haƙoranta yana ƙaruwa. Tiagra ko 105 mai canza giya da waya ya ishi kowane irin atisaye, Sora ma ba abin rainawa ba ce. Abin da ya fi 105 a keken da zai wuni cikin gishiri, asara ce.

Nemi haƙoran gaba 50 da 34, na baya kuma 11 zuwa 32 ko 34. Atisayen hunturu galibi doguwar tafiya ce a hankali, kuma da kaya a baya, a kan jiƙaƙƙen tudu, kana son giyar da za ta bar ka zaune. In ka miƙe tsaye kana dannawa, tayar baya tana iya sulɓewa.

Sayi ɗan ƙarfen awon sarƙa tare da keken, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sarƙar giya 11 ko 12 ana canza ta in ta miƙe da 0.5 cikin 100, ta giya 10 zuwa ƙasa kuma 0.75. In ka bari ta wuce haka, za ta ci haƙoran baya, sabuwar sarƙa ta riƙa tsalle a kansu, sai ka canza duka.

Feda: mai kama takalmi da noti biyu, irin SPD, ta fi dacewa da zuwa aiki, don ƙarfen yana nutse cikin tafin takalmi, za ka iya tafiya a ƙasa mai santsi, kuma laka ba ta toshe ta da sauƙi.

8. Ƙafafu, tayoyi da iska

Ƙafafun alminiyam masu sifok 28 zuwa 32 su ne na wannan aikin. In sifok ɗaya ya karye a ƙafa mai 32, za ka ƙarasa gida. Kawunan sifok na tagulla sun fi na alminiyam jure gishiri, na alminiyam suna ruɓewa su maƙale har a kasa miƙe ƙafar. Dogon rim na kabon a bar shi sai rani, iskar gefe tana kaɗa shi.

Tayoyin da sabon keke ke zuwa da su sau da yawa nan kamfani ya rage kuɗi. Ruwa yana sa gilashi da ƙananan duwatsu su manne wa taya, yana kuma sauƙaƙa musu shiga roba, shi ya sa faci ke yawa da hunturu. Nemi taya mai shimfiɗar kariya a ciki wadda kuma robarta ba ta yi tauri ba, irin su Continental Grand Prix 4-Season ko Pirelli Cinturato Velo. Masu kauri sosai irin Schwalbe Marathon Plus da wuya su yi faci, amma suna da nauyi, sun fi dacewa da wanda zuwa aiki ne babban burinsa. Gwada cire tayar da mayar da ita a gida, cikin ɗumi. In ta gagare ka a ɗaki, ba za ka iya da ita a bakin hanya cikin duhu ba.

Taya marar tiyub, mai ruwan liƙi a ciki, tana toshe ƙananan huji da kanta. Ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a riƙa ƙarawa, kuma duk da haka a tafi da tiyub ɗaya.

Kada ka cika iska har taya ta yi kamar dutse. Mutum mai kilo 75, a taya 28 zai fara daga kusan psi 65 (psi shi ne awon ƙarfin iska da famfo ke nunawa), a taya 32 kusan 55, ta gaba ta gaza ta baya kaɗan. Mai nauyi ko mai kaya ya ƙara. In ka buga iska a ɗaki mai digiri 20 ka fita inda yake sifili, za ta ragu da kusan psi 5.

Gargaɗi: rim marar ƙugiya a baki, in shi ne a kekenka, ba a wuce psi 72.5 a kansa, kuma ba kowace taya yake karɓa ba.

Sai batun ƙanƙara. Babu tayar roba, komai faɗinta, da ke kama daskararren ruwa. In ma'aunin zafi ya nuna digiri 3 ko ƙasa da haka da asuba, titi na iya daskarewa ko da iska ba ta kai sifili ba, kuma gadoji da wuraren inuwa su ke fara kamawa. A kan wata 'yar gada na taɓa faɗuwa, hanyar tana sheƙi kamar jiƙa ce kawai, ban taɓa birki ba, ban karya kai ba, sai ji na yi kafaɗata ta daki ƙasa. Maganin wannan taya mai ƙusoshi ce, irin Schwalbe Marathon Winter, wadda galibi daga milimita 30 zuwa 35 take farawa kuma tana son ƙarin fili. Sabuwa tana bukatar kusan kilomita 40 a busasshiyar kwalta a hankali don ƙusoshin su zauna. Idan ba ka da ita, ranar ƙanƙara ka yi atisayenka a cikin gida, ka nemi wata hanyar zuwa aiki. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

9. Fitila, kariyar ɗaukar kaya da kwaɗo

Farar fitila a gaba, ja a baya, sannan ka duba dokar ƙasar da kake, wasu suna wajabta madubin haske a baya da kan feda. A titi mai fitilu, lumen 200 zuwa 400, wato awon ƙarfin haske, ya isa a gan ka. A hanya mai duhu kana bukatar kusan 800 don kai ka gani. Karkata ta ƙasa kada ka kashe wa mai tahowa ido. Fitilun da aka yi bisa ƙa'idar Jamus ta StVZO suna yanke hasken daga sama kamar na mota. Sanyi yana rage ƙarfin batir, don haka lokacin da aka rubuta a kwali ka rage masa. A baya sa biyu, domin in ɗaya ta mutu ba za ka sani ba. Mai zuwa aiki kullum ya yi tunanin hob mai dinamo: yana ba da bolt 6 da wat 3, ba caji, ba mantuwa.

Jakar goyo tana jiƙa baya da gumi, gumin kuma ya huce a jikinka. Kariyar ɗaukar kaya da jaka marar shan ruwa sun fi. Duba ko firam yana da ramukanta a sama kusa da sirdi. Yawancin kariyoyi kilo 25 aka rubuta musu, amma firam yana da tasa iyakar. Ɗora jakar ka juya feda, dugaduganka kada su taɓa ta.

Kwaɗo mai siffar U na ƙarfe mai tauri, a sa shi ta firam da ƙafar baya. Na waya kaɗai almakashin ƙarfe yana datse shi nan take. Lambar keken tana ƙarƙashin mazaunin feda, ɗauki hotonta ranar da ka saya.

10. In na hannu za ka saya

Keken hunturu na hannu dabara ce mai kyau in ka iya dubawa. Bi wannan jerin da rana, a wuri mai haske. Nemi rasit ka duba lambar firam, in an kankare ta, juya ka tafi. Goge datti ka bi wuraren walda, wuyan keke da ƙarƙashin mazaunin feda kana neman tsaga ko kumburin fenti. Kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya saki ko ya mutu. Ɗaga kowace ƙafa ka juya, ka saurari gurnani, ka ga ko tana rawa. Sa awon sarƙa. A birkin rim, ɗora wani abu miƙaƙƙe a gefen rim, in ya yi kwari, ƙafar ta kusa ƙarewa. A na faifai, ana rubuta iyakar sirancewa a jikin faifan, na Shimano milimita 1.5 ne.

Sannan ka kwance notin sandar sirdi ka tabbatar tana motsi. Wannan kada ka tsallake shi. Sandar alminiyam a cikin firam ƙarfe, in ruwan gishiri ya kwana tsakaninsu, suna haɗewa kamar an yi musu walda. Na ga wani mai gyara ya kifa keke, ya matse sandar a bakin ƙarfe, shi da yaronsa suna juya firam ɗin gaba ɗaya, ba ta ko gezau ba, daga ƙarshe da zarto aka yanka ta daga ciki ɓalli-ɓalli. Duk abin da ka samu ya cinye, lissafa kuɗinsa ka cire daga tayinka.

11. Shirya shi kafin fitar farko

Kayan da za ka tanada: saitin alanki, giris, man sarƙa na damina, sifanar awon ɗauri, tef mai kauri marar launi da tsumma.

Zare sandar sirdi ka shafa mata giris, in kabon ce ko firam ɗin kabon ne a sa man haɗa kabon maimakonsa. Shafa giris a zaren feda da duk notin makari da na kariya, kuma notin su kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa. Manna tef inda waya ko jaka ke gogar fenti. Tabbatar ramin zubar ruwa da ke ƙarƙashin mazaunin feda a buɗe yake. Notin mariƙar kai galibi Nm 5 ne a sifanar awon ɗauri, an rubuta a jikinsu, kada ka ɗaure da ƙarfin tuwo. Sabon birkin faifai a zaunar da shi: ɗauki gudu matsakaici, ka ja birki har ka kusa tsayawa, ka sake, kamar sau 20 kowane ɓangare.

Hattara: man fesawa kada ya kusanci faifai. Ɗigo ɗaya ya isa ya sa birki ihu ya daina kamawa, kuma robar da ta sha mai sai dai a jefar. Ɗiga man sarƙa ɗaya bayan ɗaya a kan kowace gaɓa, ka goge na waje tas, domin wanda ya rage a waje yashi yake tarawa.

Duk ranar da ka bi ta gishiri, watsa wa keken ruwa da bokiti ko tiyo marar ƙarfi, ka goge sarƙa, minti 5 ya isa. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana tura ruwa cikin boris ya kore giris. Sau ɗaya a mako ka bi tayoyi da farce kana cire gilashin da ya maƙale kafin ya ƙarasa ciki, ka leƙa robar birki, in naman da ya rage bai kai milimita 1 ba ka canza, ka kuma taɓa notin makari don girgiza tana kwance su. Bayan kilomita 200 zuwa 300 na farko wayoyin giya za su saki kaɗan, sifok ma haka, sai ka mayar da keken wurin mai gyara ya sake ɗaure su.